Darasi Ga Masu Kiwon Kaji: Mashigar Iska Ce Ke Sarrafa Ɗakin Kaji Mai Fanka

Jos da kewayenta na daga cikin wuraren da suka yi suna wajen kiwon kajin ƙwai a Arewacin Nijeriya. Daga Bukuru da Zawan har zuwa Vom da Rayfield, ɗakunan kaji suna nan jere, wasu a manyan gonaki, wasu a bayan gidajen ma'aikata, kuma daga nan ake lodin kiret-kiret na ƙwai zuwa Abuja da Kano da Bauchi da sauran garuruwa. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Garin yana bisa tsauni ne, sama da mita 1,200 daga doron teku, saboda haka zafin da yake gallabar kaji a Kano ko Sakkwato bai cika kai wa nan ba. Ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda take aiki tun shekarar 1924 tana yin allurar rigakafi, ga kuma masana'antun abincin kaji a Bukuru, irin su Grand Cereals mai yin Vital Feed da kuma na ECWA.

Galibin ɗakunan kajin wannan yanki buɗaɗɗu ne: gajeren bango, waya daga nan zuwa rufi, da labulen leda ko na buhu wanda ake saukarwa idan sanyi ya taso. Amma yayin da fili yake ƙara tsada a kusa da gari, masu jari da dama suna sha'awar rufaffen ɗaki mai fanka, domin a zuba kaji masu yawa a ƙaramin wuri. A nan ne ake yawan yin kuskure guda, watau mutum ya kashe maƙudan kuɗi wajen sayen fankoki, sa'an nan ya bar wa magini ya huda bango yadda ya ga dama. Fanka tana fitar da iska ne kurum. Inda sabuwar iska za ta bi, da saurin da za ta shigo da shi, da kajin da za ta isa gare su, duk mashigar iska ce take yanke wannan hukunci.

Abin da ake fitarwa daga ɗakin

Kafin a yi maganar kafofi, ya kamata a san nauyin da aka ɗora wa iskar. Zafin jikin kaza ya kai kimanin digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, kuma ba ta yin gumi. Kazar ƙwai guda tana fitar da zafi na kimanin wat 10 dare da rana. Ke nan kaji 5,000 a ɗaki guda tamkar an kunna hita hamsin ne masu wat dubu-dubu, ba a kashewa. Har ila yau kowace kaza tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 na abinci a rana, tana shan ruwa kusan ninki biyu na wannan. Kaji 5,000 ke nan suna shanye fiye da lita 1,000 kullum, kuma mafi yawan ruwan nan yana komowa cikin ɗakin ta hanyar kashi da numfashi. Idan iska ba ta kwashe shi ba, shimfiɗar ƙasa ta jiƙe, kashin ya fara ruɓewa, iskar amoniya ta tashi.

Masana sun yi ittifaƙi cewa bai kamata amoniya ta wuce kashi 25 cikin miliyan a ɗakin kaji ba, kuma abin da ya fi shi ne ta tsaya ƙasa da 10. Tana cin 'yan gashin nan da suke share maƙogwaron kaza daga ƙura da ƙwayoyin cuta, daga nan kuma mura da tari su samu ƙofa. Abin lura a nan shi ne, hancin ma'aikacin da ya saba da ɗakin ya riga ya dakushe, don haka shaidarsa cewa babu wari ba abin dogaro ba ce. Baƙon da ya shigo idonsa ya yi yaji ya fi shi faɗin gaskiya.

Kaza ta fi sakewa tsakanin digiri 18 da 24. Idan zafi ya doshi 30 sai ta buɗe baki tana haki, ta rage ci, kuma hakin nan yana canza yanayin jininta har ɓawon ƙwai ya yi laushi. Mai sayen sari a kasuwa ba ya biyan kuɗin fasasshen ƙwai. A ɗaya gefen kuma, idan sanyi ya yi yawa kaza tana ƙara cin abinci domin ɗumama jikinta, kimanin kashi 1 cikin 100 a kan kowane digiri da aka sauka ƙasa da 20. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar Jos, inda daren Disamba da Janairu yake iya sauka zuwa digiri 10 ko ƙasa da haka. Alal misali, idan ɗakin kaji 5,000 ya zauna a digiri 15 maimakon 20, ƙarin cin zai kai kilo 30 a rana, watau fiye da buhu guda mai kilo 25. A cikin wata biyu na hunturu buhu 72 ke nan, ba tare da an samu ƙarin ƙwai ko ɗaya ba. Tun da yake abinci shi ne yake cinye wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon kaji, wannan ba ƙaramar ɓaraka ba ce.

Yadda fanka da kafa suke aiki tare

Tsarin da aka fi amfani da shi shi ne a kafa fanka a bango tana zuƙo iskar ɗaki tana turawa waje. Da zarar ta fara aiki, matsin iskar cikin ɗaki ya ɗan yi ƙasa da na waje, sai iskar waje ta kutso ta kowace kafa da ta samu. Wannan bambanci ana auna shi da faskal, kuma ɗan kaɗan ne ainun: abin da ake nema a yawancin ɗakuna tsakanin faskal 20 ne da 30. Faskal 25 daidai yake da nauyin kilo biyu da rabi a kan kowace murabba'in mita, shi ya sa ƙofar ɗakin da aka tsara da kyau take ɗan yin nauyi a hannun mai buɗewa.

Amfanin wannan matsi shi ne daidaito. Matsin kusan ɗaya yake a ko'ina cikin ɗakin, saboda haka kafar da take kusa da fanka da wadda take can ƙarshen ɗaki za su shigo da iska kusan daidai wa daida, da sauri na kimanin mita 4 zuwa 5 a daƙiƙa. Amma fa sai idan jimillar faɗin kafofin ta dace da ƙarfin fankar. Ƙa'idar ita ce matsi yana tafiya ne da murabba'in saurin iska. Idan aka ninka faɗin kafofi biyu, saurin iska ya ragu da rabi, matsi kuwa ya faɗo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. A nan sai iska ta zama malalaciya: ta shigo ta kafar da ta fi kusa da fanka, ta fice nan take, kajin da suke ƙarshen ɗakin su zauna cikin zafi da wari alhali mai gona yana jin rurin fanka yana biyan kuɗin wuta. Idan kuma aka ƙuntata kafofin da rabi, matsi ya nemi ninka huɗu, fanka ta shaƙe, iskar da take fitarwa ta ragu, motarta ta yi ta ɗaukar zafi.

Daga wannan ƙa'ida ne za a gane dalilin da ya sa rataya fanka a buɗaɗɗen ɗaki mai waya ba ya mai da shi ɗaki mai fanka. Iskar tana shigowa ta wayar da ke gefen fankar, ta zagaya 'yan mitoci, ta fita. Haka nan ƙofar da aka bari a buɗe a rufaffen ɗaki. Ƙofa mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 ta kusan ninka jimillar kafofin da ake buƙata a daren sanyi, kamar yadda lissafin da ke tafe zai nuna, saboda haka yaron da ya bar ta a buɗe yana kwasar ƙwai ya rushe tsarin gaba ɗaya na wannan lokaci.

Hanyar da iskar sanyi za ta bi

Wannan shi ne babin da ya fi muhimmanci ga mai kiwo a Filato. Iskar sanyi ta fi ta ɗumi nauyi. Idan ta shigo a hankali, ko ta kafar da take ƙasa-ƙasa, sai ta zubo daga bango kai tsaye zuwa kan kaji kamar ruwa daga indararo. Illar biyu ce. Ta farko, kajin da suke gefen bango su ji sanyi, su dunƙule a tsakiya, su bar mazubin abinci da na ruwa na gefe. Ta biyu, iskar sanyi ba ta iya ɗaukar laima sosai, don haka ba ta busar da shimfiɗa, sai ma ta sa tururin ɗakin ya koma ruwa a ƙasa. Duk wanda ya ga shimfiɗa ta dunƙule ta yi taɓo a jikin bango a tsakiyar hunturu, lokacin da ko'ina a bushe yake, to ya duba mashigar iskarsa kafin ya zargi bututun ruwa.

Abin da ake so shi ne iskar ta shigo daga sama, dab da silin, da sauri, fuskarta tana kallon sama. Iskar da aka harba kusa da shafaffen wuri tana manne masa ta bi shi, abin da injiniyoyi suke dangantawa da sunan Henri Coanda, ɗan ƙasar Romaniya. Tana tafe a jikin silin tana gauraya da iskar ɗumin da ta taru a can, wadda kajin da kansu suka samar kyauta. Kafin ta kai tsakiyar ɗaki ta haɗu da 'yar'uwarta daga ɗaya bangon, ta riga ta ɗumama, saurinta ya ragu, sai ta sauko a hankali ta biyo ƙasa ta komo wajen bango. Ɗumamar nan tana da riba ta musamman, domin duk ƙarin digiri 11 yana kusan ninka laimar da iska take iya ɗauka. Mita kubik guda ta iska mai digiri 10 ba ta ɗaukar fiye da giram 9 na ruwa da 'yan kai, amma a digiri 21 tana ɗaukar wajen giram 18. Iskar da ta bi silin ta sauko tana da ƙishirwa ke nan, ita ce take shanye laimar shimfiɗa.

Domin iska ta kai tsakiyar ɗaki mai faɗin mita 12, watau tafiyar mita 6, tana buƙatar sauri da kuma kauri. Siririyar iskar da ta fito daga tsaga mai santimita 1 ko 2 ba ta da ƙarfin yin nisa, komai matsin. Shi ya sa kamfanonin da suke samar da irin kaji suke ba da shawarar kada buɗin kafa ya gaza kimanin santimita 5. Idan iskar da ake buƙata kaɗan ce, gara a rufe rabin kafofin, ɗaya a buɗe ɗaya a rufe, a bar sauran da buɗi mai kyau, da a buɗe dukansu kamar bakin asusu.

Sai dai akwai matsalar da ta shafi ginin gida. Yawancin ɗakunan kaji a Nijeriya ba su da silin, kwano ne tsirara da katakan rufi a giciye. Iskar da aka harba sama tana yin mita ɗaya ta ci karo da katako, ta juyo ƙasa kan kaji. Bututun ruwa, da wayar lantarki mai kauri, da dogon ƙwan fitila da aka kafa a giciye, duk suna yin irin wannan ɓarna. Maganin shi ne a yi silin mai santsi, ko da na leda mai kauri ne da aka ɗaure tamau, a kuma jera bututu da fitilu su bi hanyar iska maimakon su tare ta. Silin yana da wani amfani: yana tare zafin kwano da rana, yana riƙe ɗumi da dare. Mai jarin da ya ga kuɗin silin ya yi masa yawa, to a gaskiya bai shirya gina rufaffen ɗaki ba tukuna, kuma buɗaɗɗen ɗaki mai kyakkyawan labule zai fi yi masa alheri.

Lissafin ɗaki guda

A ɗauki misalin ɗaki mai tsawon mita 60 da faɗin mita 12, da kajin ƙwai 5,000 a ƙasa, kowace kilo 1.8. Jimillar nauyinsu kilo 9,000. Alƙaluman da ake amfani da su sun bambanta daga wannan littafin kiwo zuwa wancan, amma a nan za a ɗauki mita kubik 0.7 a awa ga kowane kilo a daren sanyi, da mita kubik 5 a ranar zafi. Ke nan 6,300 a awa mafi ƙaranci, 45,000 mafi yawa.

Kafin a ci gaba akwai gyaran da Jos take buƙata wanda Legas ba ta buƙata. A tsayin mita 1,200 iska ta fi ta bakin teku sauƙi da kimanin kashi 13 cikin 100. Fanka tana kwasar mita kubik ɗin da aka rubuta a jikinta, amma kowace mita kubik tana ɗauke da ƙarancin iska, don haka zafi da laimar da take kwashewa ma sun ragu daidai haka. Littattafan masu sayar da kaya an rubuta su ne da lissafin bakin teku. Saboda haka sai a ƙara kimanin kashi 15 cikin 100: mafi ƙaranci ya koma 7,200, mafi yawa ya koma wajen 52,000.

Fanka biyu za su wadatar: ƙarama mai inci 36 wadda take fitar da kimanin 18,000 a awa, da babba mai inci 50 mai fitar da kimanin 36,000. A daren hunturu ƙaramar kaɗai za ta yi aiki, a haɗa ta da agogo mai kunna ta minti 2 ya kashe ta minti 3, wanda zai ba da 7,200 ɗin da ake nema. A nan ne wasu suke tuntuɓe. Ana auna kafofi ne da abin da fanka take ja a lokacin da take juyawa, watau 18,000, ba da matsakaicin 7,200 ba. Mita kubik 18,000 a awa daidai take da 5 a daƙiƙa. A raba 5 da saurin mita 4.5, a samu murabba'in mita 1.1. Idan kowace kafa tana da faɗin santimita 50 kuma an buɗe ta santimita 5, ana buƙatar kafa 44, watau 22 a kowane bango, tazarar da ba ta kai mita 3 ba tsakaninsu. A ranar zafi ta Maris ko Afrilu fankokin biyu za su ja 54,000, watau 15 a daƙiƙa, wanda yake buƙatar murabba'in mita 3.3. Kafofin nan 44 za su bayar da haka idan aka buɗe kowace santimita 15.

Ma'anar wannan ga kafinta ko mai walda a bayyane take. Mashigar iska ba rami ba ce kawai. Tana buƙatar marfi mai maƙale daga ƙasa wanda yake buɗewa daga sama, domin ya karkata iska zuwa silin, da 'yan kunnuwa a gefe masu hana iska zubewa ta kusurwa, kuma dukan marafen su ratayu a igiyar ƙarfe guda wadda ake ja daga wuri ɗaya. Duk lokacin da aka ƙara fanka sai a ƙara buɗi, duk lokacin da aka rage sai a rage. Manyan gonaki suna da na'ura mai yin haka da kanta. Ƙaramar gona tana iya yi da hannu, muddin an yi alama a jikin igiyar kuma an koya wa mai gadin dare.

Game da tsarin nan da ake jera fankoki a ƙarshen ɗaki, iska ta shigo ta ɗaya ƙarshen ta ratsa tsawonsa kamar ta bi bututu, lissafinsa daban ne. Manufarsa a kaɗa wa kaji iska mai saurin mita 2 ko fiye a daƙiƙa domin su ji sanyi a jika. A ɗakin misalin nan, idan tsayinsa mita 2.5 ne, ana buƙatar mita kubik 60 a daƙiƙa, watau 216,000 a awa: manyan fankoki shida, kowace da mota mai cin fiye da kilowat guda. Idan za a haɗa da jiƙaƙƙun takardun nan masu sanyaya iska, sai an tanadi fiye da murabba'in mita 30 nasu. A Kano da Katsina da Sakkwato, inda zafin Afrilu yake kai digiri 40 kuma iska a bushe take, wannan tsari yana ceton kaji, yana biyan kuɗinsa. A Jos kuwa kwanakin da suke buƙatarsa kaɗan ne, kuma a damina laima ta yi yawa har takardun ba su da wani aikin yi. Ɗan kasuwar da aka kawo masa takardar farashi mai fankoki shida yana da haƙƙin ya tambayi mai sayarwa da yanayin wane gari aka yi lissafin.

Iskar tsauni, ƙura da maƙwabta

Filato wuri ne mai iska. Iskar waje mai saurin mita 5 a daƙiƙa tana danna bango da kimanin faskal 13, watau rabin matsin da fanka take samarwa. Sakamakon haka kafofin da suke fuskantar iskar su shigo da fiye da kima, na ɗaya gefen su kusan tsayawa. Da hunturu bangon arewa maso gabas ne yake shan wannan. Ana magance shi da hular kwano a wajen kowace kafa, bakinta yana kallon ƙasa, amma dole bakin hular ya fi kafar faɗi don kada ta zama ita ce maƙura.

Ƙurar hunturu da gashin kaji suna taruwa a kan fikafikan fanka da lubobinta, kuma dattin nan kaɗai yana iya rage aikinta da kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Bel ɗin da ya saki ma haka. Tsintsiya da sifana sun isa wannan aiki, sau ɗaya a mako.

Batun waya a bakin kafa ba na wasa ba ne. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye mai suna H5N1 a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuma Filato tana cikin jihohin da cutar ta isa. Ta sake dawowa a 2015, aka hallaka kaji masu ɗimbin yawa a gonakin jihar. Tsuntsayen daji da ɓeraye suna shiga ta kafar da ba ta da waya. Sai dai wayar tana rage faɗin kafa, musamman idan ta kama ƙura, don haka a sa ta a bakin hula inda yake da faɗi, a riƙa goge ta. A unguwannin da gonaki suke manne da juna kuma, a duba inda fanka take tofar da iskarta. Idan tana kallon mashigar ɗaki na biyu, ko ta maƙwabci, to duk abin da yake damun kajin ɗakin farko an aika da shi can. Tun a kan takarda ake gyara wannan, kafin a aza tubali.

Haka kuma ɗakin rainon 'yan tsaki. Suna buƙatar ɗumi na digiri 32 zuwa 34 a makon farko, kuma saboda tsoron sanyin Jos masu kiwo sukan liƙe ɗakin da leda ruf, su hura gawayi a ciki. Gawayi yana cinye iskar shaƙa, yana fitar da iskar guba marar wari wadda take kashe tsaki har da mai kwana wurinsu. Ko a daren da ya fi kowane sanyi ana buƙatar 'yar mashiga daga sama da mafita, ba tare da iskar ta bugi tsakin kai tsaye ba.

Awo ba tare da kuɗi mai yawa ba

Mai gona yana iya sanin halin da ɗakinsa yake ciki da kayan da ba su kai kuɗin buhun abinci ba. Milimita guda ta ruwa daidai take da kusan faskal 10. A samu siririn tiyo garai-garai, a lanƙwasa shi, a zuba ruwa mai launi, a bar baki ɗaya a cikin ɗaki ɗaya a waje inda iska ba ta bugawa. Faskal 25 zai nuna bambancin milimita biyu da rabi kacal, wanda yake da wuyar gani, amma idan aka kwantar da tiyon a kan katako mai gangara ɗaya cikin goma, aka haɗa ɗaya bakin da kwalba mai faɗi, ruwan zai yi tafiyar milimita 25, wadda rula take nunawa sarai.

Da wannan ma'auni ake gwada ɗigar ɗaki, a lokacin da babu kaji a ciki. A rufe dukan kafofi da ƙofofi, a kunna babbar fanka guda. Ɗakin da aka liƙe da kyau zai nuna faskal 37 ko fiye. Idan ya tsaya a 10 ko 15, iska tana sata ta wani wuri: tsakanin bango da kwano, ƙarƙashin ƙofa, gefen firam ɗin fanka, ko lubobin fankar da ba ta aiki. Sandar turare mai hayaƙi tana nuna wuraren, siminti da tsumma da roba su toshe su.

Hanyar iska kuma ana ganinta da zaren tsohon kaset. A rataya guntaye a silin a jere, daga bakin kafa zuwa tsakiyar ɗaki, tazarar mita ɗaya ɗaya. Na kusa da kafa ya kamata ya kwanta sosai, na gaba ya rage, na tsakiya ya riƙa motsi kaɗan. Idan na uku ya tsaya cik, iskar ta faɗo tun kafin ta yi nisa, sai a rage yawan kafofin da suke buɗe ko a nemi abin da ya tare ta. Kajin da kansu ma'auni ne: idan sun bazu ko'ina daidai, lafiya, idan sun guje wa wani sashe, akwai dalili a sama da wurin.

Wutar lantarki

Buɗaɗɗen ɗaki ba ya kashe kaji don an ɗauke wuta. Rufaffe yana yi. Hita hamsin ɗin nan ba sa tsayawa idan fanka ta tsaya, kuma a ranar zafi kaji suna iya fara mutuwa kafin awa guda ta cika. Saboda haka janareta, da mansa, da ƙararrawa mai batir wadda take kuka idan wuta ta yanke, suna cikin jarin ginin tun farko, kuma bankin da zai ba da rance ya kamata ya gan su a takardar. Daɗin daɗawa, a bar manyan ƙofofi ko labulen gefe waɗanda mutum ɗaya zai iya buɗewa cikin minti biyu ko da a cikin duhu. Fanka biyun da aka lissafa a sama ba sa cin kilowat biyu gaba ɗaya, kuma ƙaramar da take aikin dare ba ta fi ƙarfin faranti masu amfani da hasken rana da batura ba, abin da zai yi wuya ga mai fankoki shida.